Layin da Gwaggo Ta Riƙe

A bazarar shekarar 2014 muna zaune a Ainu Shams, wata unguwa a Alƙahira, a hawa na biyu na wani gida da ke kallon gidan burodi. Mu huɗu ne: ni, da maigidana da yake karatunsa na gaba da digiri, da jaririyarmu, da Gwaggo. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ita ce kuma ta taso daga gida ta zo yi min wankan jego. Arba'in ta wuce Gwaggo ba ta koma ba, domin ciwon sukari ya buɗe mata miki a ƙarƙashin babban yatsan ƙafarta ta hagu, muka ce ta tsaya sai ya warke. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce irin wannan mikin in aka daina wanke shi a kan ƙa'ida, yatsan zai tafi, wataƙila ma ya ja ƙafar.

A bayan masallacin unguwarmu akwai wani ɗan asibitin sha-ka-tafi na wata ƙungiyar taimako. A ƙasan bene yake. In ka wuce ƙofar ƙarfe sai ka faɗa wani siririn zaure mai tsawo, da benci biyu na katako suna kallon juna, a ƙarshensa ɗaki biyu, na likita da na wankin ciwo. Talata da safe ita ce ranar masu miki. Babu kati a wurin, babu lamba. Ka shigo ka yi sallama, ka tambaya, "Min akhir wahid?", wato wane ne na ƙarshe. Wani ya ɗaga hannu. Shi ke nan, sai ka riƙe fuskarsa, in ya shiga ya fito kai ne. Kowa mutum ɗaya ya sani a layin, na gabansa. Nas ɗin ma ba ta kiran suna, leƙowa kawai take yi ta ce, "Illi ba'du," na gaba ke nan, mai layi ya miƙe.

Gwaggo ba ta jin Larabci sai na salla, amma wannan tsarin ta kama shi tun zuwan farko, ya kuma kwanta mata. Ta ce haka ake yi a wurin injin niƙa a garinmu. Ta gabanta kusan kullum mutum ɗaya ce, wata tsohuwa 'yar ƙasar, siririya, cikin baƙaƙen kaya, da zane kore a haɓarta irin na matan karkararsu na da. Ita ma ƙafa ce ke damunta. Tana zuwa da ɗan matashinta na zama a hammata saboda bencin yana cin ƙashi. Za ta gutsuro wa Gwaggo burodi mai zafi, Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Wata rana Gwaggo ta rama da ɓarin goro, tsohuwar ta tauna sau ɗaya ta yamutsa fuska, suka yi ta dariya har da hawaye. Hira suke yi sosai, kowacce da yarenta, kowacce tana gyaɗa kai a inda ya kamata.

Ban san sunanta ba, Gwaggo ma ba ta sani ba. "Ta gabana" take ce mata ko a gida. Ta gabana yau ƙafarta da sauƙi. Ta gabana yau ba ta da walwala, ina jin 'ya'yanta ne. In na ce, "Gwaggo, a ina kika ji wannan, da wane yaren?" sai ta ce in rufe mata baki, ni da nake jin yaren me na tsinta a ciki.

Da zafi ya kankama sai aka sanar cewa ƙungiyar za ta haɗe ƙananan asibitocinta wuri guda har sai makarantu sun koma. Dalilinsu a fili yake. Ma'aikata suna son hutu, ɗalibai da yawa sun tafi gida, ana ɗauke wuta safe da rana, kuma babban reshen da ke tsallaken layin jirgi ne kaɗai yake da janareta. Nas ɗinmu, wata kakkaurar mata mai yawan fara'a, ta tsaya a tsakiyar zauren ta faɗa da ƙarfi har sau biyu saboda tsofaffi. Na fassara wa Gwaggo. Ta ce, "To," irin to ɗin da ba ta wuce leɓe ba.

A Talatar ƙarshe kafin a rufe, zauren ya cika maƙil, kowa yana so a wanke masa kafin a tashi. Ina tsaye da jaririya a bayana don babu wurin zama. Can sai tsohuwar ta miƙe, ta dafa gwiwar Gwaggo, ta nuna matashinta a kan benci, ta yi magana gajeriya.

"Me ta ce?" in ji Gwaggo.

"Ta ce ki riƙe mata wurin, tana dawowa."

Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a kan matashin. Tsohuwar ta fita tana ɗingishi, hasken waje ya haɗiye ta.

Layi ya zo kansu, ba ta dawo ba. Nas ta leƙo ta ce na gaba, Gwaggo ta yi wa na bayanta alama ya shiga. Ya fito, ta yi wa na bayansa. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, ki shiga mana, in ta zo ai sai ta bi bayanki." Ko kallona ba ta yi ba. Haka ta yi ta tura mutane har zauren ya zama daga mu sai mai gadi, wani dattijo da yake ta kaɗa makullai don mu gane. Nas ce ta fito da kanta ta kama hannun Gwaggo ta shiga da ita. Da muka fito mai gadin ya miƙo hannu zai karɓi matashin ya ajiye, Gwaggo ta rungume abinta ta wuce.

Talatar da ta biyo na shirya da wuri, na ce yau sai sabon wuri, zan tsayar mana da tuktuk, keke napep ɗinsu, a bakin titi. Gwaggo ta yafa mayafinta, ta saka matashin a hammata, muka sauko. A ƙofar gida na yi dama, ita ta yi hagu.

"Gwaggo, an rufe can."

"Na ji."

"To ina za ki?"

"Nan ta bar ni, nan za ta neme ni. In ta zo ta tarar babu ni babu kayanta, me na zama?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce matar ta ji sanarwa da kunnenta, da yarenta ma, ta fi mu ji. Na ce matashi ne fa, ba zinariya ba. Gwaggo ta ce ba matashi aka ba ta ba, wuri aka ba ta, kuma ita tun da uwarta ta haife ta ba a taɓa ba ta ajiya ta tashi ta bar wurin ba. Wanda ya san Gwaggo ya san in ta kafe ko ƙaramar hukuma aka tara ba za ta motsa ba. Maigidana kuwa surukarsa ce, ko ido ba ya iya haɗawa da ita, balle ya ba ta umarni. Sai na shiga kemis na sayo auduga da bandeji da ruwan wankin ciwo, na ce zan riƙa yi mata a gida kafin ta gaji ta haƙura. A zatona sati biyu ya ishe ta.

Ni na riga ta ganin sabon wurin. Wata Lahadi jaririya ta kwana da zazzaɓi, na kai ta. Gaskiya ba zan ɓoye ba, wurin ya burge ni. Sanyin na'ura tun daga ƙofa, kujeru masu jingina, ɗakin gwaji a nan, magani a nan, ba sai an rubuta maka ka bi rana kana nema ba. A bakin ƙofa akwai wata 'yar na'ura da kake dannawa ta tofo maka lamba, in an zo kanka a kira lambar ta lasifika. Ba ka tambayar kowa komai. Likitar da ta duba mu, wata matashiya, ta ce ita kam ta huta. A ƙaramin reshen da take da, ita kaɗai ce, in wuta ta ɗauke da fitilar waya take duba maƙogwaron yara, in ta rasa gane abu babu wanda za ta juya ta tambaya. A nan suna da yawa, suna karɓar juna, har ta samu za ta je bakin teku da iyayenta. Da za mu fita wata ma'aikaciya ta tare ni tana tambayar mutane ko sun gamsu da haɗewar. Na ce mata tamam, na gamsu ƙwarai, kuma har zuciyata na faɗa. Wani tsoho da ke bayana ya ce shi bai gamsu ba, gadar jirgin nan za ta kashe shi kafin ciwon ya kashe shi. Ta yi dariya ta ce ma'alish, ya Hajji, wato ka yi haƙuri, Alhaji.

Na dawo gida ina zuba wa Gwaggo labari, sanyi kaza, kujera kaza. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "In babu na gaba babu na baya, wa zai san ba ka zo ba?" Na ce na'ura ba ruwanta da wannan. Ta ce ai shi ta gani.

Haka muka shiga zuwa rufaffen asibiti duk Talata. Ba zan bar ta ta tafi ita kaɗai da wannan ƙafar ba, don haka ina biye da ita, ina mita. Mai gadin yana barin ƙofar ƙarfen a buɗe saboda a zauren yake samun inuwar kishingiɗa. Ɗakunan ciki biyu an garƙame su da kwaɗo. Gwaggo za ta ajiye matashin a daidai inda aka bar mata shi, ta zauna kusa, ta ciro carbinta.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba mu kaɗai ba ne. A makonnin farko tsofaffi suna zuwa, wasu ba su ji sanarwar ba, wasu sun ji ba su yarda ba. Mutum zai shigo yana dogara sanda, ya ga kwaɗo da idonsa, amma ya yi sallama ya tambayi na ƙarshe. A nuna masa. Ya zauna. Babu mai cewa uffan game da ƙofar. Su yi ta zama suna kallon ƙafafunsu, in rana ta take sai su miƙe ɗaya bayan ɗaya, bisa layi, na farko ya fara fita. Na taɓa ce wa wani daga cikinsu, "Baba, ai an koma tsallake." Ya dube ni kamar na yi magana ana tsakar huɗuba, ya mayar da kansa.

Da azumi ya kama sai suka yi ta raguwa, har ya zama daga mu sai mai gadi, wani lokacin shi ma babu. Wanda bai zauna a Alƙahira da azumin bazara ba ba zai gane shirun hantsinta ba. Garin da ba ya rufe baki sai ya yi tsit, shaguna a rufe, karnuka a ƙarƙashin motoci. In aka ɗauke wuta kuma har ƙugin firji da fankokin maƙwabta ya yanke, sai ka ji numfashinka. A cikin wannan shirun zauren yake fara nasa. Warin maganin wankin ciwo bai taɓa barin wurin ba, wasu ranakun ma ƙaruwa yake yi, kamar yanzu aka buɗe kwalbar. Famfo yana ɗiga a bayan ƙofar da ke kulle. Wata rana na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe daga ɗakin wankin ciwo, irin ta almakashi in an ajiye shi a faranti. Na tashi mai gadi na tambaye shi. Ya ce kyanwa ce, ta taga suke shiga. Na zagaya ta baya na duba, tagar a rufe take da katako. Ban sake tambayarsa ba.

Jaririyata kuma ta ɗauki wata ɗabi'a da ba na so. In na sauke ta a cinya, sai ta juya kai ta kafe matashin nan da ido, ta yi ta bangala masa dariya. Na san jarirai suna yi wa bango ma dariya. Na sani. Amma sai na juya ta ta kalli titi, ita kuma ta yi ta murɗa wuya tana neman komawa.

Ranar da ta fi tsaya min, rana ta kusa take tsaka, babu wuta, mai gadi ya tafi masallaci. Gwaggo tana jan carbi sai ta tsaya cak, ta ɗaga kai.

"An kira," ta ce.

"Wa ya kira? Ni ban ji komai ba."

"An kira, ba a tashi ba." Ta karkata kunne. "Ga shi an sake."

Sannan ta janye ƙafafunta ƙarƙashin benci, yadda ake yi in mutum zai gifta. Tsoro na ji, tsoro na gaske, da rana tsaka. Na saɓi 'yata na fita na tsaya a rana ina karanta duk abin da ya zo bakina, har Gwaggo ta ga dama ta fito. Daga ranar kusan duk Talata sai ta faɗi haka, kuma kusan a lokaci guda.

Ana cikin haka Gwaggo ta karɓe wankin mikin daga hannuna. Ta ce in ji da jaririya da girkin buɗa-baki, ita ba yarinya ba ce, ta ga yadda ake yi. Ta koma saka safa ko a cikin gida, a wannan zafin. In na ce, "Gwaggo, ya ƙafar?" sai ta ce da sauƙi. Mutanenmu ko ana haƙa musu kabari da sauƙi za su ce. Ciwon sukari kuma ya kashe mata jin wurin, ba ta ɗingishi fiye da da, ba ta nishi.

Bayan ƙaramar salla da 'yan makonni na shiga banɗaki ɗauko bokiti, ban san tana ciki tana alwala ba. Warin ne ya fara dukana. Sannan na ga yatsan. Ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ma ya fara rinewa, ƙafar ta kumbura tana sheƙi.

Ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar. Na ce, "Kashe kanki za ki yi a kan matashin wata? Me zan faɗa wa mutanen gida, in ce na kawo ki Masar na mayar da ke da ƙafa ɗaya? Matar nan ta manta da ke, Gwaggo, tana can tana harkar gabanta!" Ina faɗa ina kuka. Maigidana yana tsaye a bayan ƙofa yana ta cewa a yi haƙuri, bai san ma wa yake ba haƙurin ba. Gwaggo ta gama alwalarta a nitse, ta mayar da safarta, ta ce, "Kin gama?"

Da na ga faɗa ba zai yi ba sai na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce, "Gwaggo, ajiya in mai ita bai zo ba, ai bin sa ake yi da ita. Nas ɗinmu tana can tsallake. Ta san kowa. Mu kai mata matashin, ta nuna mana gidan matar." Sannan ta ce, "Wannan magana ce. Me ya hana ki faɗe ta tuntuni, kika tsaya yi min tallan kujera?"

Washegari Talata ce. Muka hau tuktuk muka zagaya ta ƙarƙashin gada. Na danna na'ura ta ba mu lamba, muka zauna a cikin sanyin, Gwaggo da matashi a cinya tana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira mu muka shiga ɗakin wankin ciwo, sai ga nas ɗinmu. Tana ganin Gwaggo ta saki audugar da ke hannunta, ta dafe ƙirji. Ta kalli matashin, ta sake kallon Gwaggo. Fara'ar nan tata duk ta ɗauke.

Ta ce min, "Ba ku yi tafiya ba? Na ɗauka kun koma ƙasarku hutu kamar sauran."

Na ce muna nan, na gaya mata inda muke zuwa duk Talata. Ta zauna a kan kujerar marasa lafiya, ita da ya kamata ta tsaya. Sannan ta ba ni labari, ina juya wa Gwaggo shi da Hausa guntu-guntu.

A waccan Talatar, burodi tsohuwar ta fita saya, jiri ya kwashe ta a bakin gidan burodin, maƙwabta suka kai ta gida. Satin da ya biyo jikanta ya kawo ta sabon wuri. Da aka nuna mata na'ura ta danna sau biyu. Aka ce ɗaya ake ɗauka, ta ce ɗayar ta ta bayanta ce, baƙar matar nan da ta riƙe mata wuri, yanzu ita ce za ta riƙe mata. Duk Talata haka take yi. A kira lambarta ta shiga, ta fito, ta koma ta zauna da ɗayar a hannu. A kira ta biyun, babu mai tashi. A sake kira. Ɗakin jira ya yi tsit, mutane suna waige-waige, ita kuma tana kallon ƙofa. Nas ɗin ta ce ita ta ji daɗin wurin nan, ba za ta yi ƙarya ba, ta samu hutu, ta samu abokan aiki, ba ta ƙara wanke ciwo a duhu ba. Amma wannan lambar da ake kira babu mai amsawa ta hana ta sakat. Ta ce a tsohon wuri da ta aika an duba mu, tun da lungu ɗaya ne. A nan mutane sun yi yawa, kowa lamba ne, sai ta bar shi a kan mun yi tafiya.

Na tambaye ta wajen ƙarfe nawa ake kiran lambar. Ta ce tsohuwar ba ta iya sammako saboda nisa, sai rana ta kusa take tsaka. Ban fassara wa Gwaggo wannan ba. Ni ma ban san abin da zan yi da shi ba, har yau.

Gwaggo ta ce, "Tambaye ta, yau ta zo?"

Na tambaya. Nas ɗin ta sunkuyar da kai. Ta ce jikan ya zo bayan salla ya faɗa musu, Allah ya yi mata rasuwa a cikin barci.

Gwaggo ta yi salati a hankali. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta miƙa ƙafarta, nas ta zare safar, ta duba, ta fita da sauri ta kira likita. A ranar aka tura mu babban asibiti. Yatsu biyu aka cire. Likitan ya ce mu gode wa Allah da aka tsaya a nan, da mun ƙara jinkiri da maganar ta kai gwiwa.

Da ta farfaɗo ina zaune a gefen gadon, na shirya kalaman da zan lallashe ta da su a kan yatsun. Ba ta ko kalli ƙafar ba. Ta ce, "Ashe tana can tana jirana." Sai hawaye. Ta ce, "Ina nan ina riƙe mata, tana can tana riƙe min. Da na bi ki tun ranar farko da na same ta." Fiye da wata biyu ina neman ta yarda ni ce da gaskiya, ranar da ta yarda kuma na ji da ma ba ta yarda ba. Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban san da wa nake fushin ba. Waɗanda suka haɗe asibitocin ba su yi laifi ba, ni da bakina na ce na gamsu.

Mun nemi gidan tsohuwar don mu yi gaisuwa mu mayar da matashin. Nas ba ta san gidan ba, unguwar kawai ta sani, jikan kuma bai sake dawowa ba. Maigidana ya yi yawo a lungunan wajen har ya gaji. Tsofaffi masu baƙaƙen kaya da suka rasu bayan salla ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Da makarantu suka koma aka buɗe ɗan asibitinmu. An share zauren, an cire kwaɗo, famfon ya daina ɗiga. Talatar farko na kai Gwaggo a duba ɗinkin, tana dogara sanda, matashin a hammata. Na so in ce ta bar shi a gida, na haɗiye. Ta yi sallama, ta tambayi na ƙarshe da Larabcinta da ya karye, wani mutum ya ɗaga hannu. Ta ajiye matashin kusa da shi, ta zauna a gefen matashin. Wata mata da ta shigo bayanmu ta zo za ta ɗauke shi ta zauna, tsofaffin da ke bencin gaba suka ce mata da mutum a wurin. Ta nemi wani wurin.

Mutumin ya shiga, ya fito. Nas ta leƙo ta ce, "Illi ba'du." Gwaggo ba ta motsa ba, sai ƙafafunta da ta janye ƙarƙashin benci. Nas ta kalli matashin. Ta buɗe ƙofar sosai, ta koma gefe ta riƙe ta, ta tsaya haka ɗan lokaci. Sannan ta sake cewa, "Illi ba'du."

Gwaggo ta dafa sandarta ta miƙe.